Gidan Tani

Mai raba takardar wutar lantarki ya tsaya a soro,
biro a bayan kunne, gumi na bin wuyansa,
ya ce, "Baba, wa zan rubuta maigida?"
Na ce, "Rubuta Allah, in layin zai ɗauka."
Bai yi dariya ba. Sabon zuwa ne.

Mu tara ne a nan Sabon Gari, bayan layin masu walda,
rijiya ɗaya, ƙofa ɗaya, murhu kowa da nata.
Briskila na ɗinka rigunan 'yan makaranta,
Dinatu ta karɓi haihuwar rabin unguwa,
har da ta matar limamin masallacin kwana.
Rahila ba ta magana tun shekarar da aka ƙona shagonta,
amma ita ke fara waƙar asuba.
Ni kuwa makulli ne a wuyana,
igiyarsu ɗaya da gicciyen katako.

Ba sistoci ba ne mu. Ba mu rantse wa kowa ba.
Wadda ta ga miji, mu raka ta da guɗa,
wadda ta dawo, tabarmarta na nan a naɗe.

Masu adaidaita sahu suka fara sa mana suna.
"Gidan mata," su ce, suna kashe ido,
kun dai san kayan da kalmar nan ke ɗauke da shi a Kano.
Wasu suka ce gidan zawarawa,
alhali Lidiya ko baiko ba a taɓa yi mata ba.
An ce suna linzami.
To, mu a bakin wa za a sa shi?

Fasto ya ji zafi, ya sayo allo da fenti shuɗi,
ya rubuta Gidan Betani da hannunsa,
muka yi addu'a, aka sha zoɓo.
Fentin na arha ne.
Damina biyu ta lashe haruffa biyu,
sai ga yaro da kwano yana sallama:
"Wai a ba da aron turmi, in Tani na nan."

Tamar, 'yar ƙanena da ke karatun tarihi a Bayero,
ta zo hutu, tana tsince mana shinkafa,
ta ce a can Turai, shekara ɗari takwas baya,
an yi mata irinmu a bayan katanga,
suna saƙar ulu, suna jinya, suna wankan gawa,
ba aure, ba alkawarin zuhudu.
Begin ake ce musu.
Na ce daga ina sunan?
Ta ce malaman ma ba su daidaita ba:
wasu sun ce daga wata waliyyiya ne,
wasu sun ce daga wani firist mai i'ina,
wasu kuma launin tufar da ba a rina ba.
Har akwai masu cewa ba'a ce tun farko,
matan suka ɗauka suka yafa.

Na ce ashe ko'ina haka ne,
na waje ke raɗa wa katanga suna,
na ciki na fama da tulu.

Yanzu wasiƙa na zuwa da sunan Tani.
Mai nama na ba ta bashi.
Ran da ɓarawo ya hauro,
maƙwabta suka fito da taɓare
suna ihu, "Ba a taɓa mana Tani!"
Rahila ma ta yi murmushi a daren nan.

Don haka na dubi yaron mai biro,
na ce, "Rubuta Tani, ɗana."
Ya ce, "Tana ciki?"
Na ce, "Ta ɗan fita.
Amma ba ta taɓa makara da biya ba."